Fasfon kyanwarki na 2019 ba zai kai ta Beljiyam ba

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Leeds da iyalina, muna da kyanwa wadda yara suka shaƙu da ita ƙwarai. A 2019 mun yi mata fasfo, muka je Faransa da ita ba tare da wata wahala ba. Bana a dogon hutu muna so mu je Brussels ta ƙasar Beljiyam wajen ƙanena a mota, mu yi mako uku. An ce mini tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai fasfon ya daina aiki. Gaskiya ne? Me ya kamata in yi? Sannan in muka tashi zuwa Kano baɗi, za mu iya tafiya da ita mu dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba. Duk fasfon dabba da aka bayar a Ingila, Sikotlan ko Wales ya daina shigar da dabba Tarayyar Turai tun ranar 1 ga Janairu, 2021. Abin da ya maye gurbinsa takardar shaidar lafiya ce, wadda a asibitocin dabbobi suke kira AHC a taƙaice, kuma sabuwa ake yi duk lokacin da za a ƙetara. Amma kada ki jefar da tsohon fasfon, yana da sauran amfani, zan zo kansa. Aikin gaba ɗaya ba mai wuya ba ne, sai dai na lissafin kwanaki ne, kuma kowane abu yana da wanda ke gabansa da wanda ke bayansa. Yawancin waɗanda ake mayarwa daga bakin iyaka lafiyar dabbarsu ƙalau, kwanan wata ne ya kayar da su.

Yana da kyau ki san inda dokar ta samo asali, don in kin fahimci abin da ake tsoro ba za ki manta sharuɗɗan ba. Ciwon haukan kare ake gudu. Birtaniya ta rabu da shi a jikin karnuka da sauran dabbobin ƙasa tun 1922, kuma don kada ya dawo, ta shafe kusan ƙarni guda tana killace duk kare ko kyanwar da aka shigo da ita har tsawon wata shida. A shekarar 2000 aka fara sassautawa, sannan a farkon 2012 Birtaniya ta daidaita dokarta da ta sauran ƙasashen Tarayyar Turai. Daga nan ne abin ya zama da sauƙi irin yadda kika gani a 2019: ɗan littafi shuɗi, allura ɗaya, sai tafiya. Aka yi ƙuri'ar raba gardama kan ficewa daga Tarayyar ranar 23 ga Yuni, 2016, Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu, 2020, aka ci gaba da aiki da tsoffin dokoki har ƙarshen wannan shekarar. Da wa'adin ya cika sai ta zama baƙuwa a wajen Tarayyar, kamar kowace ƙasa ta waje.

Tarayyar Turai ta kasa ƙasashen waje kashi uku a kan wannan batu. Kashi na farko su ne waɗanda suke bin dokokinta sau da ƙafa, irin su Suwizalan, kuma su ana karɓar fasfonsu. Kashi na biyu su ne waɗanda aka yarda sun shawo kan ciwon haukan kare amma dokarsu daban ce, irin su Amurka, Kanada, Japan da Ostireliya, su takardar lafiya ake nema a wajensu. Kashi na uku kuwa su ne waɗanda ba sa cikin jerin ko kaɗan, Najeriya da Nijar da Gana duk nan suke, su sai an haɗa da gwajin jini da jiran wata uku. Birtaniya ta nemi a sa ta a kashi na farko, aka sa ta a na biyu a watan Disamba na 2020. Babu wata cuta da ta ɓulla a daren 31 ga Disamba. Kyanwarki ita ce dai ta jiya. Abin da ya canza shi ne hatimin wa ake yarda da shi.

To, abu na farko shi ne lambar jiki. 'Yar na'ura ce da ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba, ana kiranta maikurocif, ana sa ta da allura a ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu, tana ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Tun da kyanwarki ta taɓa samun fasfo, tana da ita. Duk da haka ki ce a duba ta yanzu, kada ki bari sai ranar tafiya. Na'urar takan zame daga inda aka sa ta ta gangara gefen wuya ko kusa da hammata, wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, takan daina amsawa gaba ɗaya. Likita zai bi bayanta da na'urar karantawa a hankali daga ƙeya zuwa kafaɗu, in ta yi ƙara lambar ta fito, ki sa idonki ki gwada ta da wadda ke rubuce a fasfo, alƙalami bayan alƙalami. Ki kuma tabbata adireshinki da lambar wayarki na yanzu ne ke cikin rajistar kamfanin da ke riƙe da bayanan. A Ingila ma ai tun 10 ga Yuni, 2024 doka ta wajabta wa duk mai kyanwar da ta kai mako 20 ya sa mata wannan lamba, ko da ba ta zuwa ko'ina.

Ga ƙa'idar da ta fi kama mutane: dole ranar da aka sa lambar, ko aka karanta ta aka rubuta, ta riga ranar allurar haukan kare, ko su zo rana ɗaya. Dalili kuwa, lambar ce ke nuna cewa wannan dabbar ce aka yi wa allurar, ba wata mai kama da ita ba. Allurar da aka yi kafin lamba, a wajen jami'in iyaka tamkar ba a yi ta ba ce. Na ga iyalin da suka zo da ɗan kwikwiyo, an yi masa allura a wani asibiti ranar Litinin, aka sa masa lamba ranar Alhamis a wani asibitin daban, kowa ya yi aikinsa da kyau. Ba yadda za a yi a sa hannu a takardarsu. Sai da aka sake allurar, aka fara ƙirga daga farko, tikitin jirgin da suka saya ya tafi a banza.

Abu na biyu ita ce allurar kanta, kuma a nan nake jin za ki sami aiki. Mutane da yawa sukan ce mini, ai likita duk shekara muna kai ta allura, katinta a cike yake. Allurar shekara-shekara da ake yi wa kyanwa a Birtaniya ta mura ce da ciwon hanji, wani lokaci da cutar jini. Ta haukan kare ba ta ciki, saboda babu ciwon a ƙasar, sai wanda ya nema ake yi masa. Yawancin irin da ake amfani da su a nan shekara uku suke yi. Ke nan wadda aka yi mata a 2019 ta ƙare tun 2022, in dai ba ki sabunta ba. Buɗe tsohon fasfon, ki nemi shafin allurar haukan kare, za ki ga 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalba aka manna, da kwanan wata uku a gefenta: ranar da aka yi, ranar da ta fara aiki, da ranar da za ta ƙare. In ta ƙare ko da kwana ɗaya ne, sabuwar da za a yi ana ɗaukarta a matsayin ta farko, kuma sai an jira kwana 21 cur kafin a ƙetara. Ranar allurar ba ta cikin lissafi, washegari ake fara ƙirga. Wadda aka yi wa ranar 1 ga wata, ranar 22 za ta iya tafiya. In kuwa ana sabuntawa kafin tsohuwar ta ƙare, babu wani jira. Shi ya sa nake gaya wa duk mai tunanin zai sake tafiya ya rubuta ranar ƙarewar a inda zai riƙa gani.

Ga mai ƙaramar dabba, ba a yin allurar sai ta kai mako 12 da haihuwa. In aka haɗa da kwana 21 na jira, ba ta tafiya sai ta kai mako 15.

Sai takardar. Ba kowane likitan dabbobi ne ke da ikon sa hannu a kanta ba, sai wanda hukumar kula da lafiyar dabbobi da tsirrai ta gwamnati, APHA, ta ba izini na musamman. Suna kiransu OV. Wani asibitin yana da guda ɗaya, wani ba shi da ko ɗaya, kuma a watannin Yuli da Agusta layi kan yi tsawo. Ki buga waya tun yanzu ki tambaya, ki kama rana. Sharaɗin shi ne a sa hannu cikin kwana 10 kafin ranar da za ki shiga Tarayyar Turai, kuma likita ba zai sa hannu ba sai kwana 21 ɗin allura sun cika. Za ki je da kyanwar, da tsohon fasfon ko wata shaidar allura mai ɗauke da lambar jikinta. Takardar shafuka ce da yawa, cikin harshe biyu: Turanci da harshen ƙasar da za ki fara taka ƙafa. Ki lura da wannan. Brussels za ki, amma in ta Calais za ki shiga, takardar Faransa za a cike miki. In ta Rotterdam ne, ta Holan. Don haka ki yanke hanyar da za ki bi kafin ki je asibiti.

Ki zauna ki ga yadda ake cike ta, kada ki karɓa ki sa a jaka ki fita. Likita zai sake karanta lambar jiki, ya rubuta, ya soke duk sakin layin da bai shafe ki ba, ya buga hatimi a kowane shafi da tawadar da ba baƙa ba, ya haɗa kwafin shaidar allura shi ma da hatimi. Akwai shafin da ke za ki sa hannu, kina shaida cewa ba sayar da ita za ki yi ba, ba kuma kyauta za ki bayar ba. Kafin ki tashi daga kujera ki duba abu uku da kanki: lambar jiki, ranar allura, da sunanki kamar yadda yake a fasfonki na tafiya. Likitoci mutane ne, takardar doguwa ce, kuma alƙalami ɗaya da aka juya ya isa a tsayar da ku a Folkestone, bakin iyakar Ingila, da yara a mota. Gyara a asibiti minti biyar ne. A bakin iyaka kuwa sai an nemo wani likitan, a biya sabon kuɗi, a rasa jirgi.

In mun ɗauka za ku ƙetara ranar 25 ga Yuli, ni zan so a yi takardar wajen 21 ko 22 ga wata, yadda in an ga kuskure akwai sararin gyarawa, in kuma tafiya ta ɗaga da kwana biyu takardar ba ta mutu ba. Ke nan allura ba za ta wuce ƙarshen Yuni ba, kuma wannan ƙurewa ce. Ki yi ta a watan Mayu ki huta.

Bayan kun shiga, takardar tana ci gaba da aiki don yawo tsakanin ƙasashen Tarayyar da kuma dawowa gida. A tsarin da aka fara da shi a 2021 wata huɗu aka ba ta, muddin allurar ba ta ƙare a tsakani ba, don haka mako ukunku na ciki sosai. Amma da zarar kun dawo Ingila ta gama aiki. Tafiya ta gaba, sabuwar takarda, sabon kuɗi. A asibitoci da dama kuɗin ya haura fam 100, a wasu yakan kai 200, ban da na allura. Takarda ɗaya tana ɗaukar dabba har biyar in na mutum ɗaya ne, kuma biyar ɗin ce iyaka ga tafiyar da ba ta kasuwanci ba. Wannan kuɗi yana damuna, ba zan ɓoye ba. Mai hali ba ya ji a jikinsa. Wanda ke ji shi ne mai iyali a ƙetaren ruwa da yake zuwa sau uku ko huɗu a shekara, da kuma makaho mai karen jagora, wanda ba don sha'awa yake tafiya da karensa ba, amma shi ma kowace tafiya sai ya nemi wannan takarda. Ba a ƙara wa kowa kariya daga cuta da wannan ba, wahala kawai aka ƙara.

Maganar hanya. Jirgin ƙasa na Eurostar ba ya ɗaukar dabbobin gida, sai karnukan masu buƙata ta musamman. Tun da a mota kuke, hanya mafi sauƙi ga kyanwa ita ce jirgin ƙasa mai ɗaukar motoci ta ƙarƙashin teku, daga Folkestone zuwa Calais. Minti 35 ne, kuna cikin motarku tare da ita. Kafin ku shiga layi akwai ofishin karɓar dabbobi, za ki shiga da kejin, a miƙo miki na'urar karantawa ki bi wuyanta da kanki, ma'aikaci ya gwada lambar da takarda, ya ba ki alamar da za ki rataya a gilashin mota. Ki zura hannu ta ƙofar kejin, kada ki fito da ita, don wurin cike yake da karnuka, kuma kyanwar da ta firgita ta kuɓuce a filin ajiye motoci samunta sai an sha wuya. Jirgin fito daga Dover kimanin awa ɗaya da rabi ne, a wasu dabba na zama a mota ita kaɗai a ƙasan jirgi, abin da ba na so a lokacin zafi. Akwai kuma jirgin dare daga Hull zuwa Rotterdam, wanda ya fi kusa da ku a Leeds, sai dai kwana ake yi a ruwa. Duk wadda kika zaɓa, ki sanar da kamfanin tun wajen sayen tikiti cewa da dabba kike. Kada ki ba ta maganin barci don tafiya. In tana da yawan tsoro, ki yi magana da likitanta tun da wuri, akwai magungunan kwantar da hankali da ake gwadawa a gida kafin ranar.

Abincinta ma dokar ta shafe shi. Tun 2021 ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara ko abin da aka yi da su daga Birtaniya, kuma abincin kyanwa kusan duk nama ne. Abin da aka ɗauke wa shi ne abinci na musamman da dabba ke ci saboda rashin lafiya, a cikin kwalinsa na kamfani, kada ya wuce kilo 2. Ki sa ƙaninki ya nemo irin wanda ta saba da shi a can kafin ku isa. Kilishi da dambun naman da za ki so ki kai masa tsaraba su ma wannan dokar ta hau kansu.

Dawowa da kyanwa ba ta da wani ƙarin aiki, takardar da kika fita da ita za ki nuna a Calais. Amma bari in faɗi na kare, don na san masu karnuka za su karanta. Kare ba ya shiga Birtaniya sai likita ya ba shi maganin tsila, wanda ke ɗauke da sinadarin praziquantel, tsakanin awa 24 zuwa awa 120 kafin isowa, ya rubuta sunan maganin da rana da sa'a, ya buga hatimi. Sa'ar tana da muhimmanci, don da awa ake lissafi, ba da kwana ba. Wata ƙaramar tsila ce da ke jikin yanyawa a tsakiyar Turai, kare na ɗauko ta, ƙwayayenta in suka shiga cikin mutum suna yin mummunar illa a hanta, kuma sai bayan shekaru ake ganewa. Birtaniya ba ta da ita. Ayilan, Finlan, Malta da Norwe ma haka, shi ya sa su ma suke neman wannan magani ga duk karen da zai shiga. Wannan sharaɗi kam ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Mai kare ya duba kalanda, in ranar Litinin zai dawo kada ya bari sai Lahadi ya fara neman likita a Faransa.

Za ki ji wasu na ba ki shawara cewa in kin isa Brussels ki sa a yi mata fasfon Tarayyar Turai da adireshin ƙaninki, shi ke nan kin huta da biyan kuɗin takarda. Mutane da yawa sun bi wannan hanya a shekarun farko. Ban ba ki shawarar haka ba. Fasfon na dabbar da mai ita ke zaune a can ne, hukumominsu kuma sun daɗe suna toshe wannan ƙofa. A Faransa, alal misali, likita ba ya bayarwa sai dabbar na cikin rajistarsu ta ƙasa. Ko da an samu, likitan Birtaniya ba shi da ikon rubuta allurar haukan kare a ciki, in ya rubuta ya ɓata shi. Ke a Leeds kike zaune, ki yi takardar da ta dace da mazaunin Leeds.

In wata rana Dublin za ku, duk abin da na faɗa yana nan daram, domin Jamhuriyar Ayilan tana cikin Tarayyar Turai. Ayilan ta Arewa kuwa, duk da tana ƙarƙashin Birtaniya, nata tsarin daban ne. Bayan yarjejeniyar Windsor da Birtaniya ta ƙulla da Tarayyar Turai a Fabrairun 2023, tun 4 ga Yuni, 2025 mai zuwa Belfast daga Ingila takarda ɗaya yake nema ta intanet, kyauta, tana aiki har tsawon ran dabbar, da sharaɗin tana da lambar jiki kuma ba za a wuce da ita Jamhuriyar Ayilan ba. Akwai kuma maganar da aka yi a taron Landan na 19 ga Mayu, 2025, inda gwamnatin Keir Starmer da Tarayyar Turai suka amince za su ƙulla yarjejeniya a kan lafiyar dabbobi da abinci, wadda ake sa ran za ta dawo da fasfo. Labarin ya bazu har wasu suka ɗauka an gama. Ki ɗauki abin da ke rubuce a shafin gwamnati na intanet a watan da za ki yi tafiya, da abin da likita mai izini ya gaya miki, shi ne doka.

Yanzu ra'ayina, tun da kin tambaye ni me ya kamata ki yi. Don mako uku, ni da a bar ta a gida na fi so. Kare mutanensa yake bi, duk inda suke nan ne gidansa. Kyanwa kuwa da wuri take shaƙuwa, da ƙamshin ɗaki da lungun da take kwana. Daga Leeds zuwa Folkestone tuƙin awa huɗu zuwa biyar ne, daga Calais zuwa Brussels wajen awa biyu, sannan baƙon gida, baƙin mutane, ƙofofin da ba ta sani ba. Wasu sukan yi kwana uku a ƙarƙashin gado ba ci ba sha, wasu fitsari ya riƙe musu, musamman mazan. Lokacin da za ta fara sakin jiki, lokacin ne za a sake cusa ta a keji. In akwai maƙwabciya mai amana da za ta riƙa shiga safe da yamma ta zuba abinci da ruwa, ta gyara mata yashi, ta ɗan zauna da ita, hakan ya fi mata. Ki bar mata lambar asibitin da izininki a rubuce cewa a duba ta in wani abu ya taso. Yara za su yi kewa, amma wannan dama ce ta koya musu cewa son dabba har da duba abin da ya fi mata sauƙi. In kuwa kin ga a 2019 ta yi tafiyar hankalinta kwance, ke kika fi ni saninta. Sai ku ware mata ɗaki ɗaya a gidan ƙaninki, da bargon da ta saba kwana a kai, kada a bar ta ta fita waje ko sau ɗaya, a kuma sa mata maganin kaska da ƙuma kafin ku tashi.

Kano kuwa wata magana ce, kuma a nan ne nake so ki fi natsuwa. Fita da ita ba ita ce matsala ba. Za ki nemi izinin shigo da dabba daga hukumomin dabbobi na tarayya a Najeriya tun kafin tafiya, da takardar lafiya ta fitarwa daga likita mai izini a nan, jami'an killace dabbobi da tsirrai na NAQS kuma su duba a filin jirgi. Dawowar ce ke da wuya. Birtaniya ta riƙe tsarin nan na kasa ƙasashe kashi uku bayan ta fita, kuma Najeriya ba ta cikin jerin. Ciwon haukan kare na nan a ƙasarmu, yana kashe mutane, yawancinsu ta cizon kare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana hallaka kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Don haka dabbar da za ta shigo daga can sai an ɗebi jininta aƙalla kwana 30 bayan allura, an aika ɗakin gwajin da aka amince da shi, sakamako ya nuna garkuwar jikinta ta kai 0.5 a ma'aunin gwajin, sannan a jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Wanda ya tafi hutun wata ɗaya bai san da wannan ba, sai ya dawo ya bar dabbarsa a can, ko a killace ta a nan har wata huɗu, duk a aljihunsa.

Maganin abin shi ne a yi gwajin jinin a nan Leeds, tun da sauran lokaci. In an yi mata allura a Mayun bana, a ɗebi jini a ƙarshen Yuni ko bayan kun dawo daga Beljiyam. Wata ukun za su wuce tana kwance a falonki, sakamakon kuma ba ya tsufa muddin ba a bar allurar ta ƙare ba kafin a sabunta. Ki adana takardar sakamakon ta asali tare da fasfonki. Lokacin dawowa daga Kano za ki buƙaci takardar lafiya ta shiga Birtaniya, wadda likitan gwamnati a Najeriya zai sa wa hannu cikin kwana 10 kafin isowa. Kuma ba za ta shigo a hannunki cikin jirgi ba. Dabbar da ke shiga Birtaniya ta sama a matsayin kaya take zuwa, da jirgin da aka amince masa, a sauke ta a cibiyar karɓar dabbobi irin ta filin jirgin Heathrow a Landan, kuma kuɗin hakan yakan fi na tikitin mutum. Dole kuma tafiyarki da tata su kasance cikin kwana biyar da juna, in ba haka ba dokar kasuwanci ce za ta hau kanta. In zaman wata ɗaya ne ko biyu, a zafin Kano, ban ga dalilin ɗora mata wannan ba. In komawa gida ce gaba ɗaya ko zaman shekara, to ya cancanci wahalar.

Sannan ki shirya wa abin da kan faru a irin wannan hutu: yara su ga 'yar kyanwa a gidan kaka su nace sai an taho da ita. Ki yi musu lissafin tun a can. Sai ta kai mako 12 a sa mata lamba a yi allura, a jira kwana 30 a ɗebi jini, a aika ƙasar waje ko duk inda ɗakin gwajin da aka yarda da shi yake, a jira wata uku. Ko komai ya tafi daidai, ba za ta sauka Heathrow ba sai ta kai wata bakwai da haihuwa, kuma duk tsawon wannan lokaci sai an sami wanda zai riƙe ta a cikin gida, ya hana ta cuɗanya da karnuka da kyanwoyin unguwa.